Wi-Fi a kan Linux Mint: littafin aikin kwamfutoci uku a Mabera, Sakkwato

Asabar, 18 ga Oktoba 2025

Tun ranar Talata, 14 ga wata, Windows 10 ya daina samun gyaran tsaron da aka saba turo masa. Kwamfutocin da yara ke koyon buga rubutu da atisayen JAMB a kansu a shagon nan babu wadda za ta ɗauki Windows 11, ba su da ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 da yake buƙata, kuma firosesarsu ta kwana biyu. Yau na ɗora Linux Mint 22.1, nau'in Xfce mara nauyi, a madadin Windows a kan guda uku don gwaji kafin in taɓa sauran. Don kada in riƙa ruɗewa, ga sunayen da yara suka sa musu: Baƙa da Fara, laftof ne 'yan kwatano, sai ta Tebur.

Allo, sauti, kibod, har firinta, duk sun tashi ba gardama. Wi-Fi ne ya tsaya, kuma kowacce da irin ciwonta. Baƙa ko alamar Wi-Fi ba ta nunawa. Fara tana ganin rautarmu, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, amma da sanda ɗaya, tana kamawa tana saki. Ta Tebur dama ba ta da katin Wi-Fi, da kebul ɗin intanet take aiki, kuma kebul ɗin ba zai kai inda nake son mayar da ita ba. Rautar tana ɗakin ciki kusa da inbata, bango biyu tsakaninta da teburan yara.

Litinin, 20 ga Oktoba

Sai da intanet za a sauko da direba, wato manhajar da ke sa katin Wi-Fi aiki, sai da direba za a samu intanet. Mafitar tana aljihu: a haɗa wayar Android da kebul ɗin caji, a kunna raba intanet ta USB a saitin wayar. Linux ya ɗauke ta nan take kamar an soka wayar ofis, babu abin da na saka.

Aikin yau shi ne sanin abin da ke cikin kowace na'ura. Sunan da ke jikin murfin laftof ba ya gaya maka komai a kan wannan, domin samfuri ɗaya ana iya fitar da shi da kati iri uku. A taminal, tagar da ake buga umarni, na buga:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Abin dubawa shi ne lambobi takwas da ke ƙarshen layin. Huɗun farko na kamfanin da ya ƙera ƙwayar katin ne, huɗun ƙarshe na ita ƙwayar. 14e4 Broadcom, 10ec Realtek, 8086 Intel. Baƙa ta ba da 14e4:4365, wato BCM43142. Fara ta ba da 10ec:b723, wato RTL8723BE, kuma direbanta yana cikin kanel, wato zuciyar Linux, tun asali, shi ya sa take gani ko da sanda ɗaya ne. Na kuma buga rfkill list a kan duka biyun don tabbatar ba maɓallin kashe Wi-Fi ne aka danne ba. Ba shi ba ne.

Na rubuta lambobin a takarda na manna a ƙarƙashin kowace laftof.

Laraba, 22 ga Oktoba

Baƙa. Direbobin Broadcom da ke cikin kanel, b43 da brcmsmac, ba su ɗaukar BCM43142. Sai wanda ake kira wl, na kamfanin ne kuma a rufe yake, ba mai iya buɗe cikinsa ya gyara. Fitowarsa ta ƙarshe, 6.30.223.271, tun 2015 ce; masu kula da Debian da Ubuntu, nau'o'in Linux da aka gina Mint a kansu, ne ke yi masa faci a gefe don ya ci gaba da zama da sababbin kanel. A Mint yana cikin Driver Manager da sunan broadcom-sta-dkms. Wanda ba shi da intanet ko kaɗan ma zai iya soka filas ɗin da ya ɗora Mint da shi, Driver Manager ya ɗauko direban daga can.

Ita DKMS ɗin da ke ƙarshen sunan, aikinta shi ne ta haɗa direban a cikin kwamfutarka daidai da kanel ɗin da kake kai, kuma duk ranar da sabon kanel ya sauka ta sake haɗawa. Ana cikin sakawa aka nemi in ƙirƙiri kalmar sirri saboda Secure Boot, tsarin da ke hana loda direban da ba a san sa hannun da ke kansa ba. Na saka, aka kira la'asar, na ce wa ɗan ƙanwata da ke taya ni tsaron shago ya sake kunna ta idan ta gama.

Na dawo, babu Wi-Fi. Na buga sudo modprobe wl, ta amsa da "Key was rejected by service". Na buga mokutil --sb-state, ta ce Secure Boot a kunne yake. Ma'ana direban yana nan, an haɗa shi, amma kanel ya ƙi loda shi don bai san sa hannun da ke kansa ba.

Na tambayi yaron abin da ya gani. Ya ce, "Kawu, wani shuɗin allo yaf fito, na aza lalacewa ta yi, sai nid danna na farko don ta wuce." Na farkon shi ne Continue boot. A wannan allon ne ake gabatar da mabuɗin da aka sa wa direban hannu da shi, kuma sau ɗaya yake fitowa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga BIOS, saitin na'urar da ke zuwa kafin Linux ya tashi, a kashe Secure Boot. Sai dai BIOS ɗin Baƙa a kulle yake da kalmar sirrin ofishin da ya yi amfani da ita a Turai kafin ta iso hannunmu. Duk mai sayen 'yar kwatano ya duba wannan kafin ya ba da kuɗi, a gaban mai shagon.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Don shuɗin allon ya sake fitowa a kan Baƙa, na buga:

sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der

Ta nemi kalmar sirri sau biyu. Na zaɓi lambobi zalla, don a shuɗin allon ba a ganin abin da ake bugawa. Na sake kunnawa ina zaune a gabanta, domin daƙiƙa goma kacal yake jira a danna wani maɓalli. Enroll MOK, Continue, Yes, kalmar sirri, Reboot. Ta taso da jerin sunayen Wi-Fi na rabin layinmu, har da na mai cajin waya da ke tsallaken titi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Murna ta koma ciki. Baƙa tana ganin rautar, in saka kalmar sirri, ta yi juyi ta yi juyi, ta sake tambayata kalmar sirri. Na goge haɗin na sake, na canza kalmar zuwa mai sauƙi, duk ɗaya. Na ce bari in gwada da hotsifot ɗin wayata don in ware laifin, sai ta ƙi ganinsa gaba ɗaya. Wannan na biyun bai daɗe ba na gano shi: wayar tana watsawa a 5 GHz, shi kuma BCM43142 a 2.4 kawai yake ji. Na mayar da wayar 2.4, ta gani, ta haɗu, shafi ya buɗe. Ke nan direban lafiya lau, tsakaninta da rautar ne.

Na kira wani abokina da ke karantar da kimiyyar kwamfuta, wanda ya daɗe a kan Debian. Tambayarsa ɗaya: wane irin tsaro ne a kan rautar? Na shiga shafin saitinta na ga WPA2/WPA3, wato tsohon tsarin kulle Wi-Fi da sabon, a gauraye. Ya ce direban wl bai san WPA3 ba, an daina taɓa shi kafin a fito da WPA3 a 2018, kuma wannan gaurayen yakan rikita shi. Na mayar da tsaron WPA2-PSK da AES zalla. Ta haɗu kafin in ajiye waya.

Ban ji daɗin rage tsaron rauta gaba ɗaya saboda laftof ɗaya ba. WPA2 da doguwar kalmar sirri ya wadatar da shago irin nawa, amma abin ya tsaya mini a rai. Tunda ina cikin saitin, na cire tashar daga zaɓin kai-da-kai na kafe ta a 11. A 2.4 GHz tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, kuma maƙwabta sun cika 1 da 6.

Talata, 28 ga Oktoba

Fara. Katin RTL8723BE yana da bakin eriya biyu, amma laftof da yawa masu araha waya ɗaya aka ja musu daga bayan allo. Idan direba ya saurari bakin da babu waya, sai ka ga ƙarfi ya faɗi ƙasa ko da kana zaune kusa da rautar. Akwai zaɓin da ake ba direban, ant_sel, don a gaya masa bakin da zai saurara.

Na ajiye ta a teburin da za ta zauna, ban motsa ta ba, na auna kafin da bayan. Yadda take, ƙarfin yana yawo a wajen -82 dBm. A wannan ma'auni, lambar da ta fi kusa da sifiri ta fi kyau.

sudo modprobe -r rtl8723be
sudo modprobe rtl8723be ant_sel=1

Babu wani canji. Da ant_sel=2 kuwa ya hau -55, sanduna suka cika saura ɗaya. Kada wani ya kwafi 2 ɗin nan kai tsaye; a wata na'urar 1 ne, gwadawa ake yi, kuma gara a kashe ta gaba ɗaya a kunna bayan an zaɓa don a tabbatar. Don ya zauna, na buɗe fayil /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf na rubuta layi ɗaya:

options rtl8723be ant_sel=2 fwlps=0 ips=0

Biyun ƙarshen suna hana katin yin barci don tattalin batir, wanda shi ma yana jawo yankewa. Fara kullum a jone take da caja, tattalin ba shi da amfani a wurina.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na kwance bayan Fara don in gani da idona. Waya ɗaya ce tabbas, ɗaya bakin a buɗe. Ana iya cire wayar a mayar da ita ɗaya bakin a huta da ant_sel, amma waɗannan 'yan maɓallan eriya da ƙyar suke jure cirewa biyu, na bar ta yadda take. Abin da na tarar a fanka ya fi ba ni tsoro: ƙurar hunturun bara ta zama kamar auduga ta toshe mafitar iska. Na share da burushi, na canza man firosesa. Naira 1,500.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na hau kabu-kabu zuwa wajen masu kayan waya don nemo wa ta Tebur ɗan Wi-Fi na USB. Mai shagon ya miƙo wani ƙarami cikin kwali mai sheƙi. "Alhaji, wanga shi ne sabon yayi, Wi-Fi 6. Ka soka kawai shi kama." A bayan kwalin an jera Windows da Mac da Linux. Naira 7,000.

A shago na soka, maimakon Wi-Fi sai wani faifai ya buɗe da fayil ɗin Windows a ciki. Irin waɗannan da fuska biyu suke zuwa: da farko su nuna kansu a matsayin ma'ajiya don mai Windows ya ɗauki direba, sai an fitar da faifan su koma katin Wi-Fi. Na fitar, lambar da lsusb, umarnin duba kayan USB, ke nunawa ta canza, amma har yanzu babu Wi-Fi. Lambar ta fara da a69c, ƙwayar AIC8800 ce, kuma direbanta ba ya cikin kanel. Akwai wanda ake saukewa daga waje a haɗa da hannu. Na karanta bayanin har ƙarshe na rufe.

Dalilina: ina da na'ura ɗaya da ke rataye da DKMS, kuma ita aƙalla masu Ubuntu suna kula da nata. Wannan kuwa ni zan zama mai kula da shi, duk sabon kanel in zauna ina addu'a ya haɗu. Kwamfutar da yara goma za su taɓa a rana ba wurin wannan ba ce. "Linux" da aka rubuta a kwali ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma ba ta nufin ka soka ya kama.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci na koma wajen mai shagon, wannan karon da Fara a jaka.

"Mi yas same shi? Ko jiya na sai da biyu, ba wanda yam maido."

Na ce masa lafiyarsa ƙalau, da kwamfutata ce ba su jitu ba, ya fito mini da duk irin da yake da su in gwada a gabansa. Ya yi ɗan jim, ya zube su a kan gilas. Na riƙa sokawa ina buga lsusb. Biyu masu kwali iri ɗaya sak, kala ɗaya, rubutu ɗaya, suka ba da lambobi daban. Shi kansa ya leƙo yana mamaki. Wannan ba sabon abu ba ne ko a manyan kamfanoni: TL-WN722N na TP-Link fitowar farko ƙwayar Atheros AR9271 ce a ciki, wadda masu Linux ke nema ruwa a jallo, fitowa ta biyu da ta uku kuwa Realtek ce, suna bai canza ba.

Wani tsohon yayi mai doguwar eriya, wanda ya ce ya daɗe a ajiye ba mai tambaya, ya ba da 148f:7601. MT7601U ne na MediaTek, direbansa yana cikin kanel tun 4.2, shekarar 2015. Kafin in ɗago kai ya jero sunayen Wi-Fi na kasuwar. A 2.4 kawai yake aiki, 150 Mbps a rubuce, kuma ba ya iya zama hotsifot. Babu ɗaya daga ciki da ya dame ni, layin da ke cikin rautarmu bai taɓa kusantar wannan gudun ba.

Kuɗinsa 6,000. Mai shagon ya ce ba a mayar da canji a kayan da aka buɗe, na ce to ya cika mini da kebul ɗin ƙarin tsawo na USB. "Awo, wannan mai sauƙi ne." Kebul ɗin ya yi rana: a bayan akwatin ƙarfe, jikin bango, sanda biyu yake ba ni, da na ɗaga shi na ɗaure a saman allo, ya cika.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Hazo ya fara sauka, sola ba ta cika batiran inbata kamar da. Da hantsi aka ɗauke wuta, inbata ta riƙe na ɗan lokaci ta yi ƙara ta mutu, daidai lokacin da Baƙa ke tsakiyar sabuntawa. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ta ɗauke ɗif.

Da wuta ta dawo ta tashi lafiya, amma Wi-Fi ya ɓace kamar ranar farko. uname -r ya nuna sabon kanel. dkms status ya nuna an haɗa direban wa tsohon kanel kaɗai. Abin da ya faru shi ne kanel ɗin ya gama sauka, amma linux-headers, waɗanda sai da su DKMS ke iya haɗa direba, sun tsaya a rabi.

Na sake kunnawa ina danna Esc har jerin GRUB, inda ake zaɓar abin da za ta tashi da shi, ya fito, na shiga Advanced options na zaɓi tsohon kanel. Wi-Fi ya dawo. Daga nan:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt install -f
sudo dkms autoinstall -k da lambar sabon kanel

Na sake kunnawa a kan sabon, ya kama. Bai sake neman shuɗin allo ba, mabuɗin da aka gabatar yana nan.

Fara da ta Tebur sun karɓi wannan sabuntawar da yamma, babu wadda ta ko yi tari. Daga yau ba a sabunta Baƙa sai ina wurin kuma inbata a cike. Na kunna Timeshift a kan duka ukun, ya riƙa ajiye hoton tsarin sau ɗaya a mako.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Yara sun yi atisaye a kan duka ukun tun safe. Ta Tebur ta yanke sau ɗaya, wani ne ya ja kebul da gwiwa. Na naɗe shi da salatif.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Na je wurin wani mai gyaran laftof da nake kai wa aiki, na tambaye shi ko yana da katin Intel a cikin matattun na'urorin da ya tara. Ya jawo wata roba cike da su. Kafin in je na buɗe Baƙa na ɗauki hoton katinta, domin iri biyu ne ba sa shiga ramin juna: tsohon Mini PCIe mai faɗi, da M.2 siriri, kuma maɓallan eriyarsu ma girmansu ya bambanta. Nata Mini PCIe ne, rabin tsawo, da waya biyu.

Muka samu Intel 7260. Ya ce 12,000, na ce kayan gawa ne, muka tsaya a 8,000 bisa sharaɗin idan ta ƙi shi zan dawo da shi. Sharaɗin yana da dalili: wasu laftof na wancan zamanin BIOS ɗinsu yana da jerin katunan da ya yarda da su, ya ga baƙo ya ƙi tashi. Ga shi nata a kulle, babu abin da zan iya yi a can. Na ce, "Injiniya, in ta ƙi fa?" Ya ce, "Ka taho da ita nan mu gwada, kowa shi huta."

Haka aka yi. Sukuru ɗaya, waya biyu, ya danna su da bayan ɗan tsinke har suka yi ƙas. Ta tashi ba ƙorafi. lspci ya nuna 8086:08b1, direba iwlwifi, wanda ke cikin kanel, fayil ɗin da yake lodawa cikin katin kuma yana cikin linux-firmware tun ranar da aka ɗora Mint. Na cire tsohon da sudo apt purge broadcom-sta-dkms don kada ya riƙa haɗa kansa a banza duk sabon kanel. Yanzu tana ganin 5 GHz, kuma Bluetooth da ban ma kula ba ya aiki ya bayyana a ƙasan allo.

Da dare na mayar da rautar WPA2/WPA3. Duka ukun sun haɗu.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Sabon kanel ya sake sauka. Ukun sun wuce shi lafiya.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Lissafi zuwa yau: ɗan USB da kebul 7,000, katin Intel 8,000, man firosesa 1,500, kabu-kabu wajen 2,500, data kusan 6,000, mafi yawanta a sabuntawar farko ta kowace na'ura. Jimla 25,000. Datar ce za ta fi ciwo idan na shiga sauran, don haka zan gwada apt-cacher-ng a kan ta Tebur, abin da ɗaya ta sauko da shi sauran su ɗauka daga wurinta ta cikin rauta.

Saura laftof biyar. Jiya na tayar da kowacce daga filas ba tare da na ɗora komai ba, na buga lspci na rubuta. Biyu Intel ne, ɗaya Atheros, duka ukun sun kama Wi-Fi tun daga filas ɗin. Ɗaya 10ec:c821 ce, RTL8821CE, direbanta rtw88 yana cikin kanel tun 5.9, ta haɗu, amma zan bar ta a kunne yini guda in ga ko tana yankewa kafin in yanke hukunci. Ta biyar Broadcom ce kuma. Na riga na aika wa mai gyara hoton katinta, M.2 ne wannan karon, ya ce zai duba robar ranar Litinin. Ina son a gama duka kafin a buɗe rajistar JAMB, lokacin da babu kujerar da ke zama babu kowa.